Nono Ba Tare Da Ciki Ba: Shayar Da Jaririn Dangi

Wata ungozoma ce ta gabatar da wannan lacca ga matan wata Islamiyya a garin Garwa, ƙasar Kamaru. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena na tabarmar gaba, ina gaishe ku. Yayye da ƙanne, sannunku da zuwa cikin wannan rana. Na baya ku matso, muryata ba ta da ƙarfi.

Daga gidanmu zan fara. Matar ƙanena ta haifi tagwaye mata, jini ya ɓalle mata, kwana biyu tsakani ta cika, Allah Ya jiƙanta. Ana zaman makoki a tsakar gida, yara biyu suna tsala kuka a ɗaki. Yayarmu shekararta goma sha ɗaya da aure a lokacin, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki ƙaramar don ta rarrashe ta, yarinya ta dinga goga baki a ƙirjinta tana nema. Sai Yaya ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ke da kike aikin asibiti, babu yadda za a yi?" Na ce akwai, Yaya, amma sai an daure.

Mun taso muna ɗauka ciki ne ke kawo nono. Ciki dai yana shirya mama, amma abin da ke kiran ruwan, ya kuma riƙe shi, tsotso ne. Da yaro ya kama, saƙo zai tafi wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ke sakin sinadarai biyu cikin jini. Furolaktin shi ke haɗa nonon, kuma ya fi yawa da dare. Oksitosin shi ke matso shi waje, shi ne tsamin nan da mai jego ke ji in ɗanta ya yi kuka; tsoro da ɓacin rai suna tsayar da shi. Babu inda mahaifa ta shiga wannan aiki. Shi ya sa wadda ba ta taɓa haihuwa ba tana iya samun nono, kakar da al'ada ta ɗauke mata ita ma tana iya samu. Kakanninmu sun san haka tun kafin a gina asibiti a Garwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bayanin yadda ake yinsa tun 1998.

Ba zan yi muku daɗin baki ba. Wadda ta taɓa shayarwa nata ya fi saurin dawowa, ya fi yawa. Wadda ba ta taɓa ciki ba, galibi wani kaso na buƙatar yaro za ta samu, sai a cika da wani abu. Ba za ta yi dakashi ba, wannan na farkon jego mai kauri da launin ɗorawa. Ɗigon farko yakan zo bayan 'yan kwanaki, wata sai ta yi makonni. Na Yaya a rana ta tara ya fito, ɗigo biyu fari a kan yatsata, ta kama kuka, ni ma na kama.

Kafin komai a yi wa matar gwajin sida, wato ƙanjamau, don cutar tana bi ta nono. Ko 'yar'uwarki ce ciki ɗaya, ko kin yarda da tsoron Allahnta, a yi. Ba zargi ba ne.

Daga nan sai aikin. Za ta sa yaro a mama sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, kamar minti goma sha biyar a kowane ɓangare, ta kwana da shi, ta riƙa rungume shi fata da fata. Amma kun san jariri ba wawa ba ne. In ya ja sau biyu ya ji wayam, zai saki ya tsala ihu. Kuma haramun ne a bar shi da yunwa ana jiran nono ya zo. Ga dabarar, ku dubi hannuna. Wannan siririn tiyo ne, irin wanda ake sa wa bakwaini ta hanci a asibiti. Baki ɗaya a cikin kofin madara, ɗaya bakin a liƙa shi da filasta a jikin mama, ya yi daidai da kan nono. Yaro zai kama mama da tiyon tare, yana tsotso madara na hawowa. Shi ya ƙoshi, jikinta kuma ya karɓi saƙon. In madarar na zuwa da gudu, a sauke kofin ƙasa ko a ɗan ƙulla tiyon. In tana yi masa wuya, a ɗaga kofin. Bayan kowace shayarwa a zuƙo ruwan zafi da sabulu da sirinji a wanke cikinsa, a ɗauraye da tafasasshen ruwa. Inda babu tiyo, wata ta zauna gefe tana ɗiga madarar da cokali a kan mama tana gangarawa bakin yaron. Abin da ya rage a ba shi da ƙaramin kofi. Kwalbar nan mai roba ku ajiye ta: tana da wuyar wankewa, kuma yaron da ya saba da ita yakan ƙi mama.

Me za a zuba a kofin? Mafi kyau nonon da wata mai shayarwa mai lafiya ta tatsa. In babu, madarar gwangwani ta jarirai, da ruwan da aka tafasa, a auna yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Ban da madarar shayi, ban da kunu, ban da nonon shanu ko na akuya. Ku yi lissafi da ni: jaririn da ba ya shan mama yana cinye kusan kilo 20 na garin madara a wata shida na farko. Tagwaye kilo 40 ke nan. Wane mai ɗinki ko ɗan acaba ne zai iya? Sai a fara tsinka ta da ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, yaro ya rame. Ga zafinmu na watan uku da na huɗu da ke ɓata madara cikin ɗan lokaci, ga amai da gudawa da damina, kamar wanda ya yi mana ɓarna a yankin Marwa a 2010. Don haka ko rabin cikin yaro nonon ya cika, an yi babban aiki.

In nono ya fara zuwa, kada a yanke madarar dare ɗaya. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ana duban abu biyu: fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, mara duhu, da kuma awo kowane mako. A watannin farko ana son ya ƙara aƙalla giram 125 a mako. In nauyi ya tsaya, a mayar da abin da aka rage.

Na san za a tambaye ni magani. Akwai domperidon, maganin tashin zuciya ne da ke ɗaga furolaktin. A Kanada, wani likitan yara mai suna Jack Newman tare da Lenore Goldfarb sun tsara hanyar haɗa shi da ƙwayar tazarar haihuwa na wasu watanni kafin jariri ya iso. Wannan na wadda ta san da zuwan yaro tun da wuri ne. Mu kuwa yawanci mutuwa ce ke kawo mana shi ba sallama. Maganin yana iya rikita bugun zuciya, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2004, ta Turai ta rage adadin da ake sha a 2014. Kada wadda ta saya a farantin mai talla. Likita ne zai duba zuciyarki ya rubuta. Hulba, zogale, kunun gyaɗa, ku ci ku sha, abinci ne, amma babu wanda zai maye gurbin bakin yaro. Kunun kanwa kuwa a yi sannu da shi, yawansa yana wahalar da zuciya.

Yanzu ɓangaren da ake mantawa, kuma malamanmu suna nan za su gyara mini. Allah Ya halatta a ba wata shayarwa a aya ta 233 cikin Baƙara, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Amma aya ta 23 cikin Nisa'i ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa. Annabi ya ƙi auren 'yar Sayyidina Hamza saboda Suwaiba ta shayar da su biyun. A Risala mun karanta cewa duk nonon da ya isa cikin yaro cikin shekara biyu yana haramtawa, ko da tsotso ɗaya ne, kuma a mazhabarmu na kofi ma yana cikin hukuncin. Mu masu auren zumunci ne. In goggo ta shayar da 'yar ƙanenta, duk 'ya'yan goggon, na baya da masu zuwa, sun zama 'yan'uwan yarinyar, babu aure. Na ga auren da aka raba da 'ya'ya uku saboda wata tsohuwa ta tuna daga baya. Ku rubuta a takarda: wa ta shayar da wa, yaushe, a gaban wa.

Ku kuma gaya wa mazajenku da surukanku: matar da ke shayarwa sau goma a yini ba za ta iya daka da ɗiban ruwa da girkin gida ba. A gidanmu wata biyu cur Yaya ba ta taɓa muciya ba, mu muka raba aikinta. Nononta ya kai kusan rabin abin da yaran ke sha, ta shayar da su wata ashirin.

Na'am, Inna, ina jin ki. Ta ce shekara goma sha biyar da yaye autanta, 'yarta ta rasu ta bar mata jika ɗan wata ɗaya. Za ki iya, Inna, naki ma zai fi na Yaya saurin zuwa in sha Allahu. Sai dai ki sani, in ya sha ya zama ƙanen 'ya'yanki, ba zai auri ko ɗaya daga cikin jikokinki ba. Ki zo da shi gobe da safe, ranar awo ce. Za mu fara da gwajin jini, ki taho da kofi mai murfi.