Amsoshin Tambayoyinku: Baƙar lamba ko rawaya, wace ce ta dace da tsohuwar mota?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayoyin wannan mako duk a kan lambar tsohuwar mota suka taru, irin motar da ake ajiyewa don sha'awa, ana fita da ita ranar hutu. Yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya suka fito, inda dokar abin take da sarƙaƙiya, sai guda ɗaya daga Kaduna.

Ta farko daga wani Alhaji a Manchester. Ya ce: "Na sayi MGB ƙirar 1975, na gyara ta tsaf. Ina so in sa mata baƙar lamba mai farin rubutu irin ta da. Doka ta yarda?"

Alhaji, doka ta yarda, tarihi ne bai yarda ba. Tun daga 1 ga Janairun 2021, motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1980 ce kaɗai ke iya ɗaukar baƙar lamba mai rubutu fari ko ruwan azurfa, kuma sai ka yi mata rajista a hukumar DVLA, mai kula da rajistar motoci da lasin tuƙi a Birtaniya, a rukunin harajin motocin tarihi. Taka ta cika sharaɗin shekaru. Sai dai duk motar da ta fara hawa titi daga 1 ga Janairun 1973, da allo mai ƙyalli ta fito, fari a gaba, rawaya a baya, rubutu baƙi. Ke nan motarka ba ta taɓa sanin baƙar lamba ba a kuruciyarta. Dubi harafin ƙarshe na lambarka, mai nuna shekarar rajista, N ko P za ka gani. Wanda ya san mota, da ya ga P a kan baƙin allo ya san ado ne aka yi daga baya, tamkar a ɗinka wa yaro babbar rigar kakansa. In sha'awa ce, bismillah. In kuwa kana son ta koma yadda ta fito daga shagon dillali, nemi allon alminiyam fari da rawaya, mai haruffa masu tudu. Kada ka sayi na roba mai santsi irin na yau, shi ne kuskuren da ya fi yawa a motocin wancan zamani.

Sai wata Hajiya daga Landan. Ta ce: "Morris Minor ce ta 1961. Na yi odar baƙar lamba ta intanet, ta zo, amma haruffan sun yi ƙanana kuma sirara, ba su yi kama da na tsofaffin hotuna ba. A ina zan samu ta gaskiya ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba?"

Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. An buga miki haruffan zamani ne a kan baƙin allo. Harafin da ake amfani da shi tun Satumbar 2001 tsayinsa milimita 79 ne, faɗinsa 50. Na zamanin motarki kuwa tsayinsa milimita 89, wato inci uku da rabi, faɗinsa 64, kaurin zanensa 16, da tazarar 13 tsakanin harafi da harafi. Abin da ya kawo canji shi ne a 1963 aka fara ƙara harafin shekara a ƙarshen lamba, A ga 1963, B ga 1964, haka har zuwa Y, wanda ya ƙare a 1983. Haruffa suka zama bakwai, wuri ya yi kaɗan, sai aka rage tsayi zuwa 79, faɗi 57. Don haka in kin koma wurin mai bugawa, kada ki ce masa "baƙar lamba" kawai. Faɗa masa shekarar mota, ki ce haruffa masu inci uku da rabi kike so, ki nemi ya turo miki hoton yadda za ta fito kafin ya buga.

Batun kuɗi kuma, kayan hawa-hawa ne. Mafi araha shi ne allon alminiyam da aka danno haruffan ta bayan allon da injin matsa, kuma sa'arki ita ce irinsa ƙananan motoci da yawa suka ɗauka a wancan lokaci, saboda haka araharsa ba ta rage masa daraja ba. Mai tsada shi ne wanda ake jera haruffa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure kowanne da ribit. Kamfanoni irin su Ace da Bluemels da Hills sun yi suna a wannan sana'a, kuma har yanzu masu sha'awa na farautar tsofaffin haruffansu. Ana samun su a kasuwannin gwanjon kayan tsofaffin motoci, mafi shahara ita ce ta Beaulieu a Hampshire. Mu dai a ganinmu, Morris Minor ba ta buƙatar wannan wahala. A bar wa masu Jaguar.

Kafin ki biya, auna gurbin lamba a gaba da baya. Dogon allo na yau da kullum kusan milimita 520 ne da 111, amma wasu motoci a baya allo mai layi biyu suke ɗauka. Ƙungiyar masu irin motarki za ta gaya miki wanda ya dace, kuma sau da yawa sun san mai bugawa da sauƙi.

Wani abu kuma, Hajiya: wanda ya sayar miki ya nemi takardunki? Mai buga lamba na halal dole ya kasance yana da rajista da DVLA, kuma dole ya ga shaidar ko ke wace ce, kamar lasin tuƙi ko fasfo, da shaidar cewa lambar taki ce, kamar takardar mallakar mota ta V5C. Wanda bai tambaya ba, ki yi zargin allon ado yake sayarwa. Lambar da ta saɓa ƙa'ida na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Araha kam ba ta ado.

Wani matashi daga Birmingham ya ce allon asali na motarsa yana nan, amma ya lanƙwashe, fenti ya ɓare. Ya jefar ne ko ya gyara?

Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka jefar, babu sabon da zai kai shi. Kifa shi a kan katako mai laushi, ka miƙar da shi da gudumar roba a hankali, kana kauce wa tudun haruffa. Gudumar ƙarfe tana buɗa alminiyam, in ya buɗe kuma ba ya komawa. Cire tsohon fenti da maganin cire fenti, kada ka kai shi ga injin gurza. Ka wanke, ka goge maiƙo da tina. Daga nan sai shafin farko na musamman mai cin jikin alminiyam. Wannan mataki shi mutane ke tsallakewa, shi ya sa fentinsu ke ɓarewa kafin shekara ta zagayo, domin alminiyam yana yin wata 'yar fata a samansa wadda fenti ba ya kamawa. Fesa baƙin fenti marar ƙyalli sosai, siriri-siriri sau biyu ko uku, ka bar shi kwana biyu ya bushe. Sannan ka naɗe samfefa mai lamba 800 a jikin ɗan katako miƙaƙƙe, ka jiƙa, ka goge saman haruffan kaɗai har farin ƙarfe ya fito, ka ƙarasa da mai lamba 1200. In ka riƙe samfefar da yatsa, za ta zame ta ci baƙin da ke gefe.

Wajen ɗaurawa, yi amfani da ramukan da ke nan. In sabon allo ne, manna tef a inda za ka huda, sa katako a ƙasa, fara da bakin injin huda mai milimita 3, ka faɗaɗa zuwa 6. Noti na roba ya fi, ko ƙarfe marar tsatsa da wosha ta roba, saboda baƙin ƙarfe in ya haɗu da alminiyam da ruwan gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, sai ka ga farin gari yana cin gefen ramin. Kuma kada kan noti ya faɗa a wurin da zai sauya kamannin harafi, wannan ma laifi ne.

Ya ƙara da tambayar abokinsa, wanda ya sayi motar da ta daɗe a ajiye, ba ta cikin kundin DVLA. Wannan ba allo zai fara nema ba, lambar kanta zai nema. In yana da shaida, kamar tsohon littafin rajista, sai ya cika fom V765, ƙungiyar masu irin motar da hukuma ta amince da ita ta tabbatar, a mayar masa da lambar asali. In babu shaida amma an tabbatar da shekarar ƙira, za a ba shi lambar da ta yi daidai da shekarar. In shekarar ma ta gagara, lamba mai farawa da Q ce rabonsa.

Ta ƙarshe daga Kaduna. Wani Malam yana da Peugeot 504 haɗin kamfanin PAN na nan garin, ya tsinci tsohon allonta a cikin but, yana so ya mayar.

Malam, waccan rangwame ta Birtaniya ce, ta tsaya can. A titi, lambar da ke cikin takardun motarka ita za ta kasance a jikinta, wadda ofishin lasin na jiha ya ba ka, in ba haka ba kai da jami'an kiyaye haɗurra ne. Gyara tsohon allon kamar yadda muka faɗa wa na Birmingham, ka manna maganaɗisu biyu a bayansa. Ranar baje kolin motoci ko ɗaukar hoto, in mota ta tsaya, ka ɗora shi a bamba, in za a tashi ka cire ka mayar but.