Ragon Layya, Rijiya da Randa: Lacca kan Jikin Ɗan Adam

An ɗauki wannan lacca a waya, ranar karɓar sababbin ɗalibai a wata makarantar koyon aikin jinya. Mai laccar likita ne da ya daɗe yana koyarwa. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabar makaranta, malamai, iyayen da suka rako 'ya'yansu, da ku sababbin ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na hango na baya suna ta fifita da takarda. Ku ci gaba abinku, zafin nan ma yana cikin darasin yau.

A cikinku wa bai taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ba? Babu. To ashe kun riga kun zauna ajin farko. Kun ga huhu, kun ga hanta da 'yar matsarmamar da mahauci ke lallaɓawa ya cire don kada ta fashe ta ɓata nama. Kun ga ƙoda biyu cikin kitse, ga saifa, ga hanji kamar ba zai ƙare ba. Sanin sunan kowace gaɓa da inda take da abin da ke maƙwabtaka da ita, shi ake kira anatomi. A wannan fanni Sarkin Fawa zai kayar da yawancinku a yau. Amma idan ka ce masa, ranka ya daɗe, me ya sa hanta ke yin wannan ruwa mai ɗaci, kuma ina yake zuwa, ka shiga wani fannin, wato fiziyoloji, ilimin yadda gaɓoɓi ke aiki. Sai dai ku yi hattara da rago: tumbinsa ɗaki 4 ne, naku ɗaya tal. Kada wani ya rubuta mini na rago a jarrabawa, an taɓa yi.

Fannonin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Fiye da shekara 1,000 likitoci suna bin maganar Galen, wani likita Bagirke na zamanin da, cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba su. A ƙarni na 13, Ibn al-Nafis, likita ɗan Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya ce bangon nan toshe yake, babu ƙofa ko ɗaya, don haka dole jinin ya zaga ta huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo hagu. Ƙirar gaɓar ce ta nuna masa aikinta. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a jiki gaba ɗaya.

Za a sa ku haddace ƙasusuwa 206, kuma za ku haddace, babu makawa. Amma yau abu ɗaya nake so ku tafi da shi. Jikin nan an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Kowace ƙwaya tana zaune cikin ruwa mai ɗan gishiri, kuma tana da tsirfa kamar amarya. Zafin ruwan ya tsaya wajen digiri 37. Gishirinsa kada ya yi yawa, kada ya yi kaɗan. Sukari da oksijin su riƙa isowa a kan kari, a kuma kwashe shara. Huhu da zuciya da ƙoda da hanta da fata duk barorinta ne. Wani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya fara tsayawa kan wannan magana a ƙarni na 19, daga baya Walter Cannon na Amurka ya raɗa mata suna homiyostasis. Ni daidaiton cikin jiki nake ce mata. Duk lokacin da kuka ɗauki awon zafi, ko bugun jini, ko kuka ƙirga numfashin marar lafiya, tambaya ɗaya kuke yi: daidaiton nan yana nan ko ya fara kuɓucewa?

Ka tambayi mutumin gari abin da ɗan Adam ba zai rayu ba sai da shi, zai ce abinci. Ba laifinsa ba ne, yunwa ce ke da baki. Amma a 1981 Bobby Sands, fursunan da ya yi yajin cin abinci a Ireland ta Arewa, ya kwana 66 yana shan ruwa da ɗan gishiri kawai kafin ya rasu. Wanda ya rasa ruwa kuwa, kwanaki kaɗan ne. Wanda ya rasa iska, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Wato iska ce farko, sai ruwa, sai abinci. A bisa wannan jeri ake aikin gaggawa a kowane asibiti, mu ma shi za mu bi.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Huhu ya karɓa, ya miƙa wa jajayen ƙwayoyin jini, wani sinadari a cikinsu mai suna hemogulobin ya goya shi, zuciya ta tura. Tana tura wajen lita 5 a minti ɗaya kana zaune, wato kusan duk jinin jikinka. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kashi 20 na oksijin, kuma ba ta da rumbu. Ba ta ajiye na gobe, ba ta ajiye na anjima.

Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san wani abu. Kafin su shiga tsohuwar rijiya sai su zura fitila. In ta mutu, ba mai sauka. Ba su san sunan oksijin ba, amma sun gane wuta da mutum abu ɗaya suke nema a cikin iska. Ku lura da labaran da ake ji: mutum ya shiga yashe rijiya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Wasu su ce aljanun rijiya ne. Gurɓatacciyar iska ce ta kwanta a ƙasa ta kore mai kyau. Fitilar ma kada ku dogara da ita, don a ramin masai akwai iskar da ke kamawa da wuta.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. Riƙe numfashinka yanzu. Wannan ƙuncin da ka ji a ƙirji, yawancinsa taruwar kabon dayoksaid ne ya jawo shi, iskar da ya kamata ka fitar. Ita ce mai gadin da ke tashinka. To hayaƙin janareto da na gawayi suna ɗauke da wata iska dabam, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa hemogulobin fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ta hau kujerarsa ta zauna, mai gadi bai ga komai ba. Mutum yana numfashi lafiya lau, ƙwaƙwalwarsa tana shaƙewa. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Haka ake wayar gari a tarar da iyali guda sun tafi, don an shigar da janareto cikin gida saboda ɓarayi, ko an kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Ku masu jinya ku riƙe wannan: 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana ruɗuwa da wannan iska, sai ta nuna muku lamba mai kyau alhali mutum yana cikin haɗari. Ku tambayi inda ya kwana.

Nauyin iska ma yana da nasa rabo, shi ke tura oksijin cikin jini. A ƙololuwar dutsen Everest ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa masu hawa ke goya tukunyar oksijin. Mu nan ko a Jos ba abin damuwa ba ne, don haka na wuce.

Ruwa. Babban mutum wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Mai kilo 60 yana yawo da lita 36, kusan jarka biyu. Ƙoda tana tace wajen lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk ta mayar. Ban san ma'aji mai riƙon amana irin ƙoda ba. Mai azumi a watan bazara ya san aikinta: da la'asar fitsari ya ragu, ya yi ja, domin ƙwaƙwalwa ta aika mata saƙo ta riƙe ruwa. Amma riƙon yana da iyaka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a Jamhuriyar Nijar, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu.

Mu a asibiti hamadar da muke gani ita ce amai da gudawa. Mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya, ruwa da gishiri tare. Jini ya ragu, ido ya faɗa, ka ja fatar ciki ta ƙi komawa. Maganin kuwa daga fiziyoloji ya fito. Wajen 1960 aka gano cewa bangon hanji yana da wata ƙofa da gishiri ba ya shiga sai da rakiyar sukari, in sun shiga kuma ruwa ya bi bayansu, kuma kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ruwa, dangi suna ba majinyata a kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Shi ne ruwan gishiri da sukarin da kuka sani. Na leda ya fi, amma in babu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe na ce, ba a tula ba. Gishiri ya yi yawa, ka ƙara wa yaro wahala.

Yanzu mu dawo kan masu fifita. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Randa tana tsatsafo, iska ta busar da damshin, bushewar ta tafi da zafi. Fatarka randa ce, gumi kuma tsatsafonta. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ne, wanda ya bushe a jiki shi ke sanyaya ka. Shi ya sa zafin gab da damina, lokacin da iska ta cika da laima, ya fi gallabar mutum. In ruwan jiki ya ƙare ko zafin ya fi ƙarfin randar, awo ya haura digiri 40, mutum ya fara sambatu, ya faɗi. A aikin Hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mahajjata fiye da 1,300 sun rasu. Wanda zafi ya buge, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana fifita tun kafin mota ta zo.

Sanyi ma yana kisa, ko a ƙasarmu. Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumi kamar babba. A haife shi da asubar hunturu, a ce sai an yi masa wanka nan take, ɗumi ya gudu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a goge shi, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su, wanka ya jira awa 24. Za ku sha fama da kakanni a kan wannan. Ku bi su da ladabi, amma kada ku janye.

Abinci kuwa jiki ya yi masa tanadi. Hanta tana da ɗan rumbun sukari da zai kai wajen yini guda, bayansa a koma kan kitse, in tafiya ta yi nisa a fara cin tsoka. Tamowa da ƙarancin jini suna buƙatar lacca tasu, kuma malamarku ta fannin abinci ta fi ni saninsu. Na ga hannu a wajen iyaye. Bismillah, Hajiya.

Wata uwa ta ce: Likita, Allah Ya ƙara basira. Mu dai mun tashi mun ga in maɗigar yaro ta faɗa, magani ake kwaɓawa a shafa a kan. Yanzu kuskure ne ke nan?

Hajiya, iyayenmu sun ga alama ta gaskiya, wurin da suka sa maganin ne ba nan ciwon yake ba. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, maɗigar gaba sai wajen wata 18 take rufewa. In ruwan jikin yaro ya ragu, sai wurin ya lotsa. Ki tambayi uwar, galibi za ki ji yana gudawa ko amai, ko ya ƙi kama nono. To a ci gaba da ba shi nono akai-akai, a ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali, kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. In ya ƙi sha, ko ya yi laƙwas, ko ya daɗe bai jiƙa zani ba, a kawo mana shi a ranar, ko da tsakar dare ne. In kuma maɗigar kumbura ta yi, ga zazzaɓi, wannan wata magana ce dabam, muna tsoron sanƙarau, a taho da gudu.

An kira salla. Ɗalibai, gobe ƙarfe 8 a ɗakin gwaji, kowa ya zo da farar rigarsa. Da ƙashin hannu za mu fara.