Kafin Ka Sa Wa Mutum Linux, Tambaye Shi Sana'arsa

Wannan lacca ce da aka yi wa masu gyaran kwamfuta da ɗalibai a Agege, Legas. An rubuto ta daga rikodin, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, malamai, 'yan uwa masu gyara, sannunku da zuwa. Na san na Idi-Araba da Mile 12 sun sha go-silo kafin su iso.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10. Windows 11 kuwa sai kwamfuta mai TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta), abin da tsofaffin tokumbo da yawa na Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ba su da shi. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, an ce ta tsufa. A nan Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ke da rana. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Amma a ba ka abu kyauta daban, ka iya sa shi daban.

Wata baiwar Allah mai shagon buga takardu ta kawo mini laftof ɗinta. Na sa filas mai ɗauke da Linux, muka fara sa mata. Sai allo ya tambaya yadda za a yanka hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta), kashi nawa, wane tsari. Ta dube ni, na dube ta. Da aka gama, Wi-Fi ya ƙi tashi, saboda direbansa (ba direban danfo ba, 'yar manhajar da ke sa na'ura aiki) sai an sauko da shi daga intanet, intanet ɗin kuma sai da Wi-Fi. An kulle ɗaki, makulli yana ciki. Sai da na jona wayata da igiya muka ci datata. Muna tsaka da haka aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe caji. Da yamma ta ce, "Malam, ni fa takarda nake so ta fito daga firinta." Duk tambayoyin da allon nan ya yi mata, babu wadda ta shafi firinta.

Masu yin Linux sun fara ganewa. Debian, wani nau'in Linux da ya faro a 1993, ta daɗe tana ƙin sa irin waɗannan direbobi a faifanta saboda ba buɗaɗɗu ba ne. Sai da aka yi ƙuri'a a 2022, Debian 12 ta fito da su a 2023. Ni a ganina sun makara, amma sun kyauta. A Linux Mint, wani nau'in kuma, akwati ɗaya za ka taɓa lokacin sa ta, bidiyo da waƙa su yi. Debian ma tana da tasksel, mai tambayar aikin da kwamfuta za ta yi, sai dai yarensa na injiniyoyi ne. Ina ma ya ce: shago, makaranta, ko gida?

To, kafin su kai can, mu za mu yi. Ubuntu, ita ma nau'in Linux ce, ta yanzu ta kai kusan giga 6, don haka mutum ɗaya ya sauko, sauran su kwafa. Ka gyara kwamfuta guda tsaf: Mint mai Xfce (samfurinta marar nauyi) don mai ƙaramin RAM, LibreOffice (madadin Microsoft Office) ka saita ya riƙa ajiya a docx, irin na Word, direbobin firinta, da kibod ɗin Hausa don ƙ da ɗ da ɓ su fito, yana nan ciki, ba a kunna shi ne kawai. Sai ka ɗauki hoton hadis ɗin, wato cikakken kwafinsa, da manhajar Clonezilla, ka riƙa juye wa sauran ba tare da data ba. Na shago daban, na Islamiyya daban.

Ga Alhaji can ya ɗaga hannu, na san CorelDraw, manhajar zane, zai tambaya. Ranka ya daɗe, babu ita a Linux. Akwai Inkscape a madadinta, amma mai buga katin biki da ya shekara goma a Corel, kada ka taɓa masa kwamfuta. Wanda bai tabbata ba, ka kunna masa daga filas ya gwada firintarsa tukuna, ba a goge komai ba.

An kira la'asar. Bayan salla masu filas su kawo, amma ku kwashe abin da ke ciki, don sharewa za a yi.