Daga Garken Tumaki Zuwa Zauren Majalisa

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau daga nan Gombe zai duba rayuwar Malcolm Fraser, makiyayin tumaki ɗan ƙasar Ostireliya wanda ya kai har kujerar firaminista, tare da dalilan da suka sa irin wannan hanya take yi wa makiyayinmu nisa.

An haifi Fraser a shekarar 1930 a gidan masu kiwo, ya yi karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila, sannan ya koma gonar kiwon iyayensa da ke Nareen a jihar Victoria. Ya tsaya takarar majalisar tarayya a 1954 ya faɗi da tazarar ƙuri'u 17 kacal, amma da shekara ta zagayo ya lashe mazaɓar Wannon yana ɗan shekara 25. Ya shugabanci gwamnati daga 1975 zuwa 1983. Dattawanmu za su tuna cewa a 1986 shi da Janar Olusegun Obasanjo ne suka jagoranci tawagar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da ta gana da Nelson Mandela a kurkuku, ta kuma nemi a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi.

Sai dai Fraser ba makiyayi ba ne mai saɓe da sanda yana bin ciyawa daga wannan jiha zuwa waccan. Ƙasar da tumakinsa suke kiwo tasa ce, da shinge da takardar mallaka, ko da yake gaskiya ba ta ɓuya, irin waɗannan filaye daga hannun 'yan asalin ƙasar Turawa suka ƙwace su. Mai fili yana da mazauni, banki ya san shi, jam'iyya ta san ƙofar gidansa, ɗansa kuma yana zuwa makaranta ba tare da tashin ruga ya katse masa karatu ba.

A nan kuwa, tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, kuma gandun Wawa-Zange da ke yankin Dukku da Funakaye yana cikin mafiya girma a ƙasar nan, amma gonaki sun ci burtali da mashaya a wurare da dama. An kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya a 1989, duk da haka yaran ruga da suke kaiwa jami'a ba su taka kara sun karya ba. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, babban zaɓenmu na 2019 da na 2023 sun faɗo ne a watannin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da rani ya kora garke kudu, nesa da rumfar da makiyayi ya yi rajista.

Shi ya sa ake yanke hukunci a kan makiyayi ba ya wurin. Jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, shirin Ruga na gwamnatin tarayya na kafa wa makiyaya matsugunai ya ci tura aka dakatar da shi a 2019, kuma sai a 2024 aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. A ganinmu, Majalisar Dokokin Jihar Gombe mai kujeru 24 tana da ikon fara gyara ta hanyar shata iyakokin burtali da doka, yayin da ya kamata hukumar zaɓe ta kai aikin rajista da sauya rumfa kasuwannin shanu tun da damina, lokacin da makiyaya suke gida.