Lacca: Yadda ake bin sawun kuskure a tsarin tagogi na X

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai. Yau za mu tsaya ne a kan tsarin tagogi na X, wato tsarin da ke nuna tagogin manhajoji a fuskar kwamfuta, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 kuma ta fito a 1987. Har gobe akwai manhajojin Linux masu yawa da ke magana da harshensa, ko a kwamfutar da ta koma Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbinsa, ta hanyar XWayland, gadar da ke tsakaninsu.

Ku fara riƙe wannan: manhajarka ba ita ke zane a fuskar kwamfuta ba. Roƙo take turawa sabar X, wato manhajar da ke riƙe da fuskar kwamfuta, saba ce ke zanawa. Kuma Xlib, laburaren da manhajarka ke magana da saba ta cikinsa, ba ya tura kowane roƙo nan take. Tara su yake yi, kamar motar haya da ba ta barin tasha sai ta cika, ko sai an kira XFlush, ko an zo jiran amsa. Yawancin wahalar da masu koyo ke sha, daga nan take tasowa.

Misali, ka rushe taga da XDestroyWindow, can gaba ka manta ka yi zane a cikinta. Layin da ya yi laifin zai wuce lafiya lau. Sai manhaja ta yi nisa, sannan saba ta dawo da BadDrawable, manhaja ta mutu a wani layin da bai ci ba bai sha ba. Ka buɗe gdb, manhajar bin sawun kuskure, ya nuna maka wurin mutuwar, wurin laifin kuwa an daɗe da wuce shi. Maganinsa shi ne, da zarar ka kira XOpenDisplay, ka bi shi da XSynchronize(dpy, True), inda dpy shi ne haɗin da XOpenDisplay ya ba ka. Yanzu kowane roƙo sai an ji sakamakonsa kafin a ci gaba. Sannan ka naɗa naka mai karɓar kuskure da XSetErrorHandler, ka sa gdb ya tsaya a cikinsa, ka duba jerin kiran da ya kawo ka nan. Manhaja za ta yi nauyi sosai, don haka a cire shi bayan an gama gyara. Wani gargaɗi kuma: kada ka tura wa saba roƙo daga cikin mai karɓar kuskuren nan, an hana.

Shi kansa saƙon kuskuren ku riƙa karanta shi, don Allah. Yana faɗin lambar roƙon da ya faɗi da sunansa. In ka ga BadMatch a kan X_CreateWindow, galibi zurfin launi ne: ka nemi taga mai bit 32 a ƙarƙashin uwar taga mai bit 24, ba ka ba ta nata teburin launi da launin iyaka ba.

Sai matsalar taga ta fito fanko. Mai koyo ya kira XMapWindow, ya yi zane a layi na gaba, bai ga komai ba. Dalili kuwa mai kula da tagogi, wato manhajar da ke jera tagogi a fuska, bai riga ya bayyana tagar ba, saba kuma ba ta yi alkawarin ajiye abin da aka zana ba. Ka nemi ExposureMask ta XSelectInput, ka jira saƙon Expose, mai cewa taga na buƙatar zane, ka yi zanen idan count ɗin da ke cikin saƙon ya zama 0, domin saƙonnin kan zo a jere.

Wanda ya ga "cannot open display" kuwa, wurare 3 zai duba: abin da ke cikin DISPLAY, yawanci :0, ko akwai /tmp/.X11-unix/X0, sai izinin da ke cikin fayil ɗin .Xauthority. Na ƙarshen nan ne ke kama masu amfani da sudo, umarnin gudanar da manhaja da ikon mai kula da kwamfuta. Kada ku warware shi da xhost +, wannan buɗe ƙofa ne ga kowa ya karanta abin da kuke bugawa.

Akwai kuma manhajar da ke mutuwa da kuskuren yankewar haɗi idan an danna maɓallin rufe taga. Ba ta sanar da WM_DELETE_WINDOW ta XSetWMProtocols ba ne, sai mai kula da tagogi ya katse ta da ƙarfi. Ka kunna xprop, mai nuna bayanan taga, ka danna tagar, ka duba layin WM_PROTOCOLS. In babu WM_DELETE_WINDOW a ciki, ka gano. Idan kuma gwajin naka zai ƙwace linzami ko madannai, ka yi shi a cikin Xephyr :1, wato wata sabar X da ke gudana a cikin taga, ka sa DISPLAY=:1, don in ya maƙale, tebur ɗinka na ainihi yana nan da rai, ka kashe manhajar daga can.