Saline 154 ne ko 308? Inda lissafin osmolariti ke kayar da ɗalibai

To jama'a, wannan ledar ƙarin ruwa da kuke gani a hannuna ita ce ta hana ni sakat makon nan, ɗaliban famasi da na koyon aikin nas sai turo min tambaya ɗaya suke yi, wai an rubuta sodiyom 154 a jikin leda amma can ƙasa an sa 308 mOsm/L, wato osmolariti, yawan ƙwayoyin da suka narke a lita ɗaya, wanne ne gaskiya. Duka biyun gaskiya ne.

Da sauri mu wuce ta inda kowa ya iya. Saline na 0.9%, wato ruwan gishirin da ke cikin ledar nan, giram 9 ne na gishiri a cikin lita ɗaya, nauyin mol ɗaya na gishiri (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne, milimol kashi ɗaya cikin dubunsa) giram 58.5, ka raba 9 da 58.5 ka ninka da 1000, milimol 154 kenan. Wannan ko kalkuletar waya ta isa.

Yanzu ku duba gishirin nan da na zuba a kofi. Da ya narke ba ya zama a dunƙule, rabuwa yake yi gida biyu, sodiyom daban kuloraid daban, shi kuma ruwa idan zai tsallaka fatar ƙwayar halitta babu ruwansa da sunanka ko nauyinka, kawuna kawai yake ƙirgawa. 154 sau 2, 308. Gulukos kuwa ba ya rabuwa ko kusa, sau 1 ne, shi ya sa ledar 5% mai giram 50 take ba da wajen 278 idan ka raba da nauyin mol ɗinsa 180, ko 252 idan mai ruwa a jiki ne mai nauyin 198.

Amma ba nan ake faɗuwa ba, kalsiyom ne ke kayar da mutane, kuma nan zan ɗan zauna.

Ku tuna tasha. An loda mota, wani Alhaji mai jiki ya ce shi ba zai matsu ba ya biya kuɗin mutum biyu a gaba. Idan kwandasta yana lissafin kuɗi Alhaji biyu ne, idan kuma aka tsaya a shinge ana ƙirga mutanen da ke cikin mota Alhaji mutum ɗaya ne. To kalsiyom shi ne Alhajin nan, cajinsa na lantarki biyu, kansa ɗaya. mEq lissafin kwandasta ne, caji yake bi. mOsm ƙirga kai ne. Da zarar ka cakuɗa waɗannan biyun shikenan amsa ta tafi.

Ga allurar kalsiyom kuloraid ta 10% a allo. Giram 100 a lita, nauyin mol ɗaya na mai ruwa a jiki giram 147, milimol 680. Sai ɗalibi ya ce ai kalsiyom biyu ne ya ninka da 2 ya samu 1360 ya ja layi a ƙasa yana murna, alhali abin da ya samo mEq na kalsiyom ne ba osmolariti ba. Ku ƙirga kawunan da ni, kalsiyom ɗaya, kuloraid biyu, uku kenan. 680 sau 3, 2040. Jininmu yana tsakanin 275 zuwa 295, wato wannan ya ninka shi wajen sau bakwai, yana cikin dalilan da suka sa ake so a ba da shi ta babbar jijiya a hankali, don in ya zube a ƙarƙashin fata yana iya kashe naman wurin.

Ni a ganina laifin ba na ɗalibai ba ne kaɗai, ana fara koya musu da sodiyom da fotasiyom inda milimol da mEq da mOsm duk lamba ɗaya ce, sai su ɗauka suna uku ne na abu ɗaya.

Mu je ruwan wankin ƙoda. Ga misalin haɗi, sodiyom 138, fotasiyom 2, kalsiyom 3, magniziyom 1, kuloraid 109, baikabonet 32, asitet 3, duk a mEq, sai gulukos milimol 5.5. A nan an riga an raba maka kawunan saboda haka kar ka sake ninka komai da 2, wannan wani kuskuren ne da nake yawan gani. Aikinka kawai ka raba kuɗin Alhazawan nan masu caji biyu gida biyu, kalsiyom 3 ya koma 1.5, magniziyom 1 ya koma 0.5, ka tara, 291.5. Kusa da jini, haka ake so, don injin yana jan sharar jini ne ba a so ruwa ya riƙa ruɗewa yana shiga ko fita daga jajayen ƙwayoyin jini.

Af, wani zai ce ya ga an auna saline a lab an samu wajen 286. Haka ne, 308 lissafin takarda ne, a zahiri wasu sodiyom da kuloraid ɗin suna ɗan manne wa juna, amma a jarrabawa 308 za ka rubuta sai in an ce maka akasin haka.

Ku ɗauko sacet ɗin ORS na gida ku gwada da kanku, sodiyom 75, kuloraid 65, gulukos 75, fotasiyom 20, sitret 10, duk a milimol. Sitret cajinsa uku, to ku gaya min nawa za ku ƙirga shi har ku kai 245 ɗin da ke rubuce a jiki.