Lambar da ta cinye Lahadin shekara uku

Daga faifan laccar da wani malamin lissafi ya yi wa ɗalibai da iyayensu a wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ku gafarce ni, yau ɗalibinku ne riƙe da alli.

Da ku zan fara ma. In kun zauna rabon gado, me ya sa asalin mas'ala yakan zama 6, ko 12, ko 24? Saboda 24 tana da haƙuri: ta ba da rabi, ta ba da sulusi, ta ba da sumuni, babu ragowa. In ka farfasa ta, 2 sau 2 sau 2 sau 3 ce. Maƙwabciyarta 23 kuwa taurin kai gare ta, ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Irin su 2, 3, 23 nake kira tubala, don kowace lamba da su aka gina ta, kuma tsarin gininta ɗaya ne tak.

To, ku dubi allo. Ku ajiye 2 har sau 67, ku ninka su da juna, ku cire 1. Ga abin da zai fito:

147,573,952,589,676,412,927

Alƙaluma 21 ke nan. Tubali ce ko gini? A 1644 wani fada ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya ce tubali ce. Mu gwada. Ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 sun fita. Na tara alƙalumanta, 109, ba ta rabuwa da 3. Ke 'yata mai danna waya a baya, ajiye ta, kalkuletarki ba za ta ɗauki lambar ba ma.

A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar cewa gini ce, amma bai iya nuna tubalan ba. Kamar a ce maka akwai ɓarawo a kasuwar Kejetia, ba suna, ba kama. Sai 1903, a wani taron masana a Niyok, Frank Nelson Cole ya tashi. Yadda ake ba da labarin, bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya na allo, ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya yi ta ninkawa da hannu har amsoshin suka haɗu. Ya koma ya zauna, aka ɓarke da tafi. Daga baya ya ce Lahadin shekara uku aikin ya ci.

Kuma ba lalube a duhu ya yi ba. Duk tubalin da zai raba wannan lamba, in ka cire masa 1, dole 134 ta raba shi. Ku gwada da ƙaramin: 193,707,720 daidai take da 134 sau 1,445,580. Wannan ƙa'ida kaɗai ta kori mafi yawan waɗanda ake zargi. Ni a ganina nan gwanintar take, ba a shirun da ya yi ba.

Ninkawar sa'a guda, warwarewar shekara uku. A kan wannan rata aka gina makullin RSA a 1977, wanda har yau yake cikin masu tsare saƙo tsakanin wayarka da banki. Kwamfutar yau kan fasa lambar Cole kafin ka kurɓi koko, shi ya sa makullan yanzu suke da alƙaluma 617. Mai alƙaluma 250 ma sai a 2020 aka fasa ta, da aikin da zai ci injin kwamfuta guda kusan shekara 2,700.

Na ji ladan yana gyara murya. Ga aikin gida: 8,633. Tubala biyu ne a ciki, kowanne bai kai 100 ba. Ban da waya. Wanda ya fara kawo min su ranar Asabar, waakyensa da ƙwai a wuyana.